Tsohon da Ya Zauna a Kujerar Mai Zaman Banza

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ɗauko wani tsohon Bature daga Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid ba. Ko na so in manta ma ba hali, domin 'yan ɗakinmu a unguwar Al-Naseem sun yi alkawarin tuna mini har ranar da zan bar Riyadh.

Bari in fara da gaya muku cewa na san kiɗan Turawa. Ba cika baki ba ne (to, da ɗan cika bakin). Kawuna yana da shagon kaset a Jos, kuma a shagon na tashi. Kafin in iya haɗa jimlar Turanci mai kyau, na iya bambanta kiɗan rok mai rai da hayaniyar banza. Sai dai kaset ɗin kawu duk kwafi ne, an rubuta suna da biro, babu hoto. Na san muryoyi, ban san fuskoki ba.

Tun a shagon nake da ra'ayi guda da ban taɓa sauyawa ba. Akwai wata tsohuwar ƙungiyar makaɗan rok da duniya ta naɗa wa rawani, ana cewa su suka koya wa na bayansu riƙon gita. Ban musa ba, sun koya. Amma kirarin da ake yi musu ya fi kiɗansu. Waƙoƙinsu masu daɗi ba su da yawa, sauran ihu ne da kaɗa gashi. Wadda ta fi ba ni haushi ita ce fitacciyar waƙarsu, inda mai gita yake kama kiɗa shi kaɗai ya ƙi saki, kamar baƙon da ya ce sai an jima sannan ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗauko sabon labari.

Ni direba ne a wani kamfanin jigilar baƙi. Na daɗe ina jan bas ɗin leburori daga masauki zuwa wurin gini, cikin zafin nan mai narka takalmi, kafin a mayar da ni sashen manyan baƙi saboda ina jin Turanci. Mota mai sanyi, farar riga, har da turare. Ranar da na fara, mudir ɗinmu, wato manajanmu, wani ɗan Sudan mai suna Abu Haisam, ya gindaya mini sharaɗi.

"Direba ba shi da baki," ya ce. "Ƙorafi ɗaya daga baƙo, khalas, ka koma bas."

Ga shi kuma iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, ta kusa sabuntawa, kuma a hannun kamfanin take. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ni ba mai surutu ba ne. (Allah ya yafe mini.)

Sai ga wannan ƙungiyar, ita dai wadda na raina tun ina yaro, za ta zo wasa Riyadh. Aka ce in je da safe in ɗauko mutum biyu: shugaban ƙungiyar, wanda shi ne mai gitar, da mai yi masa hidima.

Na tsaya da allona a hannu, sai ga su. Ɗaya ya sha baƙar kwat, takalmi yana ƙyalli, waya a kunne, hannunsa ba ko leda. Ɗayan kuwa tsoho ne mai sanƙo, rigarsa ta koɗe, da silifas a ƙafa, ya goya jaka yana jan akwati. Na buɗe wa mai kwat ƙofar baya, ya shige ko kallona bai yi ba. Tsohon ya sa kaya a but da kansa, ya zagayo ya zauna kusa da ni, a kujerar mai zaman banza.

Ku faɗi tsakaninku da Allah, wa ke zama a gaba? A Jos, a Kano, har nan Riyadh, yaron gida ne ko ɗan rakiya. Babban mutum baya yake hakimcewa. Ban yi shakka ko kaɗan ba. Tausayin tsohon ma na ji, a ce da furfurarsa yana ɗaukar wa wani jaka.

Muka hau titi. Mai kwat ya gama waya, ya jingina kai, barci ya kwashe shi. Tsohon ya tambaye ni, da Turancinsa na hanci, ko na san ƙungiyar. Na tuna gargaɗin Abu Haisam, amma na ce a raina ai baƙo ya ce, bai ce yaron baƙo ba. Mu direbobi mun saba, idan maigida ya yi barci, kai da mai ɗaukar masa jaka 'yan uwa ne, 'yar gulmar oga ita ke rage hanya.

"Baba, ka daɗe tare da su?" na tambaya ƙasa-ƙasa.

"Tun farko," ya ce.

"Allah sarki. Kunnuwanka sun sha wuya."

Ya juyo ya dube ni, ni kuma na ɗauka gayyata ce. Na saki baki. Na yi masa bayanin yadda aka kambama su, na lissafa masa ƙungiyoyin da suka fi su amma ba su samu masu yi musu kirari ba. Yana ta cewa "haka ne?", ni kuma ina ƙara wuta.

"Mai gitar fa?" ya tambaya.

Na nuna gidan baya da babban yatsa. "Shi ne ma babbar matsalar. Yana da hannu, wannan ba a ƙwace masa ba. Amma bai san lokacin tsayawa ba. Da yana da aboki na gaskiya, da tuni ya gaya masa."

Har na kwaikwayi kiɗan da baki, ina karkaɗa kai. Na lura kunnuwan tsohon sun yi ja, sai na zaci zafin garin ne, na ƙara masa sanyin mota. Ban tsaya nan ba. Na ba shi shawara irin ta ɗa da uba, na ce ya nemi su sallame shi haka nan, ya koma garinsu ya sayi gona ya huta.

Da muka iso otal, ƙofar cike take da jama'a, Larabawa da Turawa, samari da dattawa, wasu riƙe da tsofaffin faifai. Na fito da sauri, na gyara riga, na buɗe ƙofar baya har da ɗan rusunawa. Mai kwat ya fito. Ba wanda ya dube shi. Jama'ar nan gaba ɗaya suka kwarara ɗaya gefen motar suna ihu. Shi kansa mai kwat ya ruga ya karɓe jakar daga kafaɗar tsohon yana buɗa masa hanya. Wani saurayi ya ɗaga ƙaton hoto, na wani mai gashi har gadon baya da gita a hannu. Gashin ya tafi, amma hancin yana nan.

Na sandare riƙe da ƙofar da ba kowa a cikinta, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Tsohon ya hango ni ta saman motar.

"Gona, ko?" ya ce, ya wuce ciki.

Ranar ko abincin rana ban iya ci ba. Ila, ɗan Maraɗi da muke ɗaki ɗaya, ya yi dariya har da tari. "Mi ya kai ka, Farfesa? Gobe sai bas, mu riƙa gaisawa ta taga."

Washegari da la'asar Abu Haisam ya kira ni, fuskar nan a murtuke. "Baƙon yana nemanka. Me ka yi masa?"

"Na kawo shi lafiya," na ce.

Ya tisa ni a gaba har zauren da za a yi wasan, inda suke gwada kayan kiɗa. Kujeru fayau, ba kowa sai ma'aikata. Tsohon yana kan dandamali, rataye da gita. Ya nuna mini kujerar gaba, na zauna, Abu Haisam ya zauna kusa da ni. Sai suka ɗauko waƙar nan.

Zan faɗi gaskiya, tsigar jikina ta tashi. Kaset ɗin kawu ya cuci mutumin nan. Sautin a ƙirji nake jin sa, yatsunsa kuwa kamar ba na tsoho ba. Da ya zo wurin da yake kiɗa shi kaɗai, ya kafe ni da ido, ya ja, ya ja, ya ƙara a kan na kaset da gangan. Da farko na shagala. Can kuma na tsinci kaina ina tunanin ko na kulle mota.

Ya gama, ya matso bakin lasifika. "To, direba. Yaya?"

Abu Haisam ya zungure ni da gwiwar hannu. Wallahi a lokacin har warin kujerun bas ɗin nan na ji, da zufar leburori, da iƙamata a kan teburin mudir. Kalma ɗaya ta yabo ta isa ta fitar da ni. Na miƙe tsaye.

"Ranka ya daɗe, jiya na yi maka rashin ladabi, ka yafe mini. Hannunka ya wuce yadda na zata nesa ba kusa ba." Na ɗago kai. "Amma ya yi tsawo."

Abu Haisam ya dafe kai. Sai mai ganga, wani tsohon shi ma da ke can baya, ya fashe da dariya yana dukan gangarsa, yana cewa tun kafin a haife ni yake faɗar haka.

Mai gitar bai yi dariya ba. "Ba ka san kiɗa ba," ya ce.

"Mai yiwuwa, ranka ya daɗe."

Ya juya wurin Abu Haisam. "Wannan ne zai riƙa tuƙa ni har in tafi. Ban gama da shi ba."

Haka kuwa aka yi. Kullum a gaba yake zama, kullum cikin musu muke, daga otal zuwa zaure, daga zaure zuwa otal. Bai sauko ba, ban sauko ba. Ranar da zan mayar da shi filin jirgi na kunna masa kiɗan gurmin da Ila ke da shi a waya, don ya ji yadda ake yi. Ya saurara da kyau, yana buga yatsa a gwiwa, sannan ya dube ni ya ce, "Ya yi tsawo." Na san ramuwa ce.

An sabunta iƙamata, ina nan a mota mai sanyi. Abu Haisam dai har yau idan zai tura ni aiki sai ya ɗora yatsa a leɓe. Ni ma na ɗauki darasi: kafin in buɗe wa kowa ƙofa sai na tambayi waye wane, kuma duk wanda ya zauna kusa da ni, ko da tsumma ya zo, ranka ya daɗe ne har mu isa. Amma idan 'yan ɗakinmu suka fara tsokanata da "Gona, ko?", sai in bar su su gama, sannan in tuna musu cewa mutane da yawa sun ce an kambama ƙungiyar nan, ni kuwa a gaban mai gitar na faɗa, kuma sau biyu.