Pirzidan Mai Nasara da Famfunan Kore

"Ni na shayar da Damagaram!" in ji Mai Nasara, yana dukan ƙirji a bakin kasuwa. "Ba don ni ba, da tuni mutanen Birni sun koma lasar raɓa!"

To abokina, zauna ka ji yadda shayarwar take. A shekarar farin nan ne wasu matasan Zinder suka haɗa manhajar waya mai suna Ina Ruwa. Famfon da ya kawo ruwa ya nuna kore, wanda ya ƙafe ya nuna ja. Jama'a ke aiko da labari, matasan su gyara, kyauta. Rubutun manhajar kuwa a buɗe yake, kowa na iya dubawa, ya gyara ko ya kwafa. Barira, ɗaya daga cikin matasan, ita ce ta rubuta yawancinsa. Gogan naka mabuɗin shiga kawai aka ba shi ajiya, sai aka wayi gari ya naɗa kansa pirzidan, wato shugaba.

Ana nan aka ce baƙi za su zo daga Yamai. Sarkin cika baki ya dubi taswira, ja ko'ina.

"Wannan ai zubar da mutunci ne! A ce garin da nake shugabanci babu ruwa?"

Ya danna, ya danna, duk gari ya koma kore shar. Damina ta sauka a cikin waya.

Washegari mata suka ɗauki bido, jarkokinsu na ruwa, suna ratsa rairayi da rana tsaka, daga wannan famfo zuwa wancan, ko ɗigo babu. Abin ya ba ni haushi ƙwarai, don har da tsofaffi. Saƙonnin zagi suka yi ta zuba. Mai hikima sai ya rufe wurin aiko saƙo.

"Kun gani?" ya ce a wajen taron matasan. "Tun da na rufe, ko ƙorafi ɗaya ban ji ba."

"Malam pirzidan," in ji Barira, "yardar mutane ce kaɗai jarinmu. Ka mayar da ja."

"An kore ki!"

Usman, abokin aikinta, ya ɗaga hannu. "To a yi ƙuri'a mana."

"An yi. Ni na jefa, ni na ci. Kai ma an kore ka!"

Kafin la'asar ya kori kowa. Su kuwa korarru suka kwafi rubutun, suka sa masa suna Ga Ruwa, suka mayar da ja inda yake ja. Gari ya bi su kaf. Da baƙin Yamai suka iso, gidan su Barira direba ya kai su.

Uban 'yan burga ya hau babur yana zaga Birni yana shela: "Duk mai amfani da manhajar 'yan tawaye maci amana ne! Ko ruwansu na haramta wa gidana!"

Ya dawo gida maƙogwaro a bushe, magariba ta kawo kai. Ya zauna, ya naɗe hannun riga.

"Wasila! Kawo buta!"

Matar tasa ta fito da buta cike, ta tsaya daga nesa.

"Malam, wannan fa na 'yan tawaye ne, su suka nuna mini famfon."

"To ina wanda tawa ta nuna?"

Ta share masa wuri a tsakar gida da ƙafarta.

"Ga shi nan, pirzidan. Yi taimama."