Farfesa Harjito da Hantar da Ta Ƙi Farfaɗowa

Duk wanda bai san Farfesa Harjito ba bai san hanta ba, ko da kullum yana cinta da shinkafa. Allah ya yi wa jami'armu baiwa da wannan bawan nasa. In aka rubuta sunansa da digirorinsa na gaba da na baya, allon ƙofa ba ya ɗauka, sai da kafinta ya ƙara katako. Ɗalibai na ce masa Sarkin Hanta. Malamai kuwa, da yake sun fi ladabi, Uban Ƙamshi suke cewa, don turarensa kan riga shi shiga aji, ya kuma zauna ya jira darasi na gaba.

Ga fannin da ya yi suna a kai. A hantar akuya akwai wasu ƙananan ma'aikata da ake kira enzayim. Kowanne na riƙe da ɗigon wani ƙarfe, molibdenam, da 'yar farar wuta manne da shi. In aka zuba masa gubar sayanaid sai ta fizge farar wutar, enzayim ya sume. In aka mayar masa da ita ta cikin wani ruwa, sai ya farfaɗo. Masana sun daɗe da sanin haka, amma babu wanda ya san shi da murya mai daɗi irin ta Farfesa.

"Ni nake sumar da shi, ni nake tada shi," haka yake gaya wa 'yan aji. "Da hanta na magana, da Bapak, wato Baba, za ta ce mini." Rabonsa da taɓa kwalbar gwaji tun gashinsa na baƙi ba tare da rini ba.

Sai aka gina sabuwar cibiyar bincike, kujerar shugabanta ɗaya, masu sonta biyu: Farfesa, da Dakta Sulistyani ta sashen haɗa magunguna. Farfesa ya yanke shawarar ya sumar da enzayim ya tada shi a gaban shugaban jami'a, kujera ta zo da ƙafarta.

Ana gobe taro ya leƙa ɗakin gwaji, abin da ya firgita kowa. Bu Wulansih, malamar da ta yi watanni tana jigilar hanta daga mahauta tana tace enzayim ɗin, ta buɗe masa kwalbar ruwan farfaɗowa. Wannan ruwa warin ɓaragurbi yake yi, haka Allah ya yi shi. Farfesa ya ja da baya, ya danne hanci da hankici.

"Wannan zan buɗe a gaban Pak Rekta, shugaban jami'a, da uwargidansa? A ɗakina? Bu Wulan, a samo mini irinsa marar wari."

Ta sunkuyar da kai. "To, Pak."

"Kuma ba na son 'yar kwalba, ba ta fita a hoto. A juye enzayim ɗin duka a babbar."

"To, Pak."

A wajenmu babu mai ce wa babba, wanda ake kira Pak don girmamawa, ba zai yiwu ba. In ƙarami ya ce to, yana nufin kunnensa ya ji. Sauran kuma babba ne zai gane da kansa. Farfesa ya daɗe da girma har ya manta da wannan rabin.

A rumfar shayi, abokin aikinta Mas Darpo ya kusa shaƙewa da soyayyen tempe, wainar waken soya ta wajenmu.

"Marar wari? Mbak, yayata, ai warin ne maganin! Kin ce masa to?"

"Kai jarumi, je ka ce masa a'a. Ga ofishinsa can, bi ƙamshin."

"Ni ina da yara, Mbak." Ya kurɓi shayi. "Cika masa kwalba da ruwa kawai. Yaushe ya taɓa gama jawabi kafin azahar? Za a tashi salla bai kai kanta ba."

Shawara ce mai kyau, tarihi na bayanta.

Ranar taro Farfesa ya fito cikin rigar batik ta siliki, farar rigar gwaji a kai da karin guga. Ya fara daga kakansa. Ya ratsa ta makarantar firamare, ya sauka ƙasar waje, inda ya ce Turawa sun yi kuka ranar da zai dawo. Ya zuba guba da hannunsa, layin da injin awo ke zanawa a allo, mai nuna ƙarfin enzayim, ya faɗi ƙasa warwas. Aka tafa.

"Kun ga suma," in ji shi. "Amma kafin farfaɗowa, bari in koma kan mahaifina."

Nan ne aka yi abin da ba a taɓa yi ba. Shugaban jami'a, wanda ƙafarsa ke ciwo, ya yi murmushi ya ce, "Pak Har, mu ga tashin."

Mas Darpo ya tuna yana da aji. Bu Wulansih ta miƙa kwalbar da hannu biyu, idonta a kan takalminta. Farfesa ya buɗe, ya shinshina, ya ɗaga ta sama.

"Ku shaida! A duk duniya, ɗakina kaɗai ake wannan aiki babu wari."

Ya tuttula. Layi na kwance. Ya girgiza, ya ƙara. Layi ya gyara kwanciya. Ya ɗan bubbugi injin, ya tsawata masa da harshen waje. Ba abin da ya motsa sai fanka.

"Kunya ce," ya bayyana wa jama'a. "Enzayim ɗin namu ɗan gida ne, ba ya tashi a gaban manya."

Kowa ya gyaɗa kai. Dakta Sulistyani ta fi kowa gyaɗawa.

"Abin koyi ne, Pak," ta ce a hankali. "Yau na fara shiga inda ake mayar da farar wuta ban ji warin farar wuta ba."

Aka wuce wurin abinci. An kafa tumpeng, tulin shinkafa rawaya mai tsini, kewaye da ƙwai da tempe da hanta soyayya da barkono. Babban baƙo ne ke yanke tsinin ya miƙa wa wanda ya zaɓa, kowa kuma ya san ma'anar hakan. Farfesa ya riga kowa ɗaukar faranti, ya tsaya daidai gwiwar hannun shugaba, ya shirya fuskar wanda bai yi tsammani ba.

Shugaba ya yanke tsinin. Ya zagaye Farfesa cikin ladabi, har da ɗan rusunawa, ya ɗora shi a farantin Dakta Sulistyani.

Da ya juyo ya ga faranti har yanzu a miƙe, sai tausayi ya kama shi. Ya ɗebo hanta cokali guda ya zuba masa.

"Ci, Pak Har," ya ce. "Wannan ba a bukatar ta tashi."