Babur Mai Jin Faɗa

"...Lafiya lau, in ka cire wahalar da ka ɗora mini. Kai fa, ina kwanan masu ɓata kayan mutane?"

Haka kakana ya amsa gaisuwata a bakin garejina, ya jiƙe sharkaf da gumi, yana riƙe da kan babur ɗin da ya turo tun daga hanyar lambu. Ɗan ƙaramin babur ne na shiga daji, mai tayoyi masu kaushi, ya girme ni nesa ba kusa ba. Makon nan kaf a kansa nake. Na canja fulogi, na wanke kafireto, na hura tiyon mai har kaina ya sara. A gabana lafiya lau yake tashi. Da ya yi nisa sai tari, sai fizga, sai ya mutu murus. Inna kuwa, 'yarsa da ta haife ni, ta riga ta yanke hukunci: in babur ɗin ya sake mace masa a hanya, masu sayen tsofaffin ƙarafa za ta kira, tsoho ya zauna a gida kan tabarma. Lambun nan kuma shi ne ransa.

"Tsoho, wallahi na gaji. Tsakanin kai da babur ɗin nan ban san wanda ya fi wani tari ba."

"Nawa na shekaru ne, nasa na mugun likita ne. Kafin ka taɓa shi, iska ma a bayansa take tafiya."

"Shi ya sa jiya akuya ta wuce ka tana waiwaye."

"Gaishe ni ta yi. Ta fi ka tarbiyya. Kai tun da na hana ka matata kake bin kayana da sharri."

"Riƙe tsohuwarka, ni mai haƙora nake so. Inna ta gan ka kana turawa?"

"Ta bayan layi na biyo. Ka rufe bakin nan naka mai kama da salansa."

Na buga kik, ya tashi tas. Na ja totur, ya amsa ba gardama. Haushi ya turnuƙe ni, don ba abin da ke cin ran makanike kamar injin da ke yin lafiya a gabansa.

"Ka gani? Munafuki ne, irin mai shi. Ruwa dai ba ya tsami banza. Faɗa mini tiryan-tiryan, yaya yake yi?"

"In na wuce gada sai ya fara shaƙuwa. Ya ja, ya saki, ya ja, ya saki, sai shiru."

"Sai ka yi yaya?"

"Sai in yi masa faɗa."

"Faɗa?"

"Ƙwarai. In buɗe tanki, in leƙa, in ce, 'Kai, ga mai nan maƙil, me kuma kake nema? Ni sa'anka ne?' In rufe, in buga, ya tashi. Yau ne zuciya ta ɗebe ni na ce ba zan yi masa magana ba, shi ma ya kafe."

"Wato sai ka buɗe tanki yake tashi."

"Sai na yi faɗa dai. Yana jin magana, ba irinka ba."

Na ajiye sufana, na kama murfin tankin na murɗa. Sai ji na yi fusss, tanki ya zuƙi iska kamar wanda aka daɗe da toshe wa hanci. Ƙarƙashin murfin kuwa, ga leda an ninke ta da kyau, an shimfiɗa a bakin tankin.

"Tsoho, mene ne wannan?"

"Hular ruwan sama. Na ga wata 'yar ƙofa a murfin, ga damina ta shigo. Rigakafi ya fi magani. Abin da babba ya hango..."

"Kar ma ka ƙarasa. Ta 'yar ƙofar nan tanki yake numfashi. In iska ba ta shiga ba, mai ba ya sauka. Ka shaƙe shi, sannan kana yi masa faɗa don ya suma. Garin neman gira ka rasa ido, ni kuma ka sa na yi mako guda ina warin fetur."

"Da ma can warinka ke nan."

"Bari in kira Inna ta ji wanda ya kamata a kai wa masu ƙarafa."

Na ciro waya. Sai ya riƙe mini hannu. Ya dubi babur ɗin, ya dube ni.

"In ta karɓe shi, ɗan nan, ba babur ta karɓa ba, ƙafafuna ne. Tabarmar nan ba na tashi daga kanta."

Tausayinsa ya kama ni, haushin duk ya zube. Na mayar da wayar aljihu, na rufe murfin ba leda.

"Zan ce mata fulogi ne, kuma ni na sa marar kyau."

"To ai gaskiya ka faɗa, aikinka bai taɓa kyau ba."

"Au, haka ne? Ina wayar nan..."

Ya fashe da dariya har tarin ya taso masa. Ya hau, ya buga kik, babur ya ɗauka. Ya laluba aljihu ya ciro lemo ɗaya na lambunsa, ya naɗe shi cikin ledar nan, ya cusa mini a hannu.

"Na bi, ka ci wannan karon. Ga ladanka, har da hula. Matata dai ba ka samu ba."

"Ka yi masa faɗa a gada, don kar ya manta."

"Na daina," in ji shi yana sa giya. "Kai zan riƙa ajiye wa."