Tambaya ta Bakwai a Fom ɗin Auta

Shekaranjiya na je cibiyar da masu girma suka gina don duba yaran da ake zaton suna da galahanga. Gini kam, masha Allah. Har wurin feshin ruwa aka yi a harabar, ruwan ne dai bai iso ba tukuna.

Maganar 'yata Auta ce ta kai ni. Shekararta takwas, ba ta haɗa ido da mutum, in aka kaɗa ƙararrawar makaranta kuwa sai ta toshe kunne ta shige ƙarƙashin tebur. Shugabar makaranta ta ce ko in kawo shaidar an fara ganin likita kafin sabon zango, ko in nema mata wani wuri. Wata uku ina jan ƙafa.

"Ranka ya daɗe, likita fa?" na tambayi akawu.

"Ya tafi taro ƙasar waje."

"A kan me?"

"Muhimmancin gano matsalar da wuri."

Allah ya ƙara wa ilimi albarka.

Ya miƙo fom. Tambaya ta bakwai: tana da shekara nawa ta fara magana? Ni da zan iya zayyano muku shekarun faɗuwar dauloli goma, sai ga ni ina taunar biro.

"Uwar ta cike," in ji shi.

"Ta rasu."

"Allah ya ji ƙanta. Fom mai giɓi dai ba ya shiga."

Na zarce gidan ƙanwar marigayiya, wadda tun farko ta ce kada in kuskura in kai yarinyar cibiyar.

"Malam, so kake a manna mata suna har abada? Kunya ce kawai."

"Na ji. Yaushe ta fara magana?"

"Shekara uku da wata biyu." Ko tunani ba ta tsaya yi ba. Ta leƙo takardar. "Nuni da yatsa kuwa ba ta taɓa yi ba. Yaya ta sha gaya maka."

"Ni?"

"Kai. Kullum sai ka ce bari ka ƙarasa shafin nan."

Sai ta fizge biron ta cike fom tas. Ta ce ranar ganin likita ita ma za ta bi mu, don ni ba abin aike ba ne.

Yau na mayar da fom. An ba mu rana, nan da wata goma sha huɗu. Shugabar makaranta ta shafa hatimin takardar, ta ce Auta ta ci gaba da zama.

Na zauna rubuta maƙalata ta mako, zan zazzage wa masu girma kwandon tijara kan jinkiri, sai na tuna da wani mai ilimi da ya shekara biyar yana ƙarasa shafi ɗaya. Wannan makon dai, ranku ya daɗe, kun sha.