Yadda Na Sa Shanun Baffa Ƙiba a Shekarar Fari

Ba na jin zan taɓa mantawa, ko da tsufa ya kwashe min sauran tunani, da yammacin da na kunna faifai a gaban mutumin da nake neman auren 'yarsa, ya dubi talabijin ya kasa gane shanunsa.

Shekarar fari ce. Ruwa ya sauka aka yi shuka, sannan ya ɗauke kamar an yi masa laifi. Gero ya tsaya a gwiwa ya ƙone, an fita roƙon ruwa har an gaji. Ni kuwa a lokacin ina da ɗan shago a Sabon Birni, da kyamara mai ƙaramin kaset, da tsohuwar kwamfuta da nake tace hotunan biki ina zuba su a faifai. Na rubuta "Darakta" a jikin ƙofa (babu wanda ya naɗa ni, ni na sayi fenti na naɗa kaina).

Yarinyar da nake so sunanta Dije, 'yar Baffa Jaɓɓi da ke zaune a wata ruga kusa da Kurawa. Baffa dogo ne siriri, mai ƙarancin magana, kuma bai taɓa ɓoye cewa bai ɗauki sana'ata aiki ba. A wurinsa, namijin da bai noma bai kiwo, sai dai ya leƙa ido ɗaya cikin akwati, yaro ne har yanzu. Shi ya sa da Dije ta ce min yana nemana da kyamara, na ji kamar an ba ni sarauta.

Dalilin kiran ba mai daɗi ba ne. Ciyawa ta ƙare, rijiyoyi sun ja baya, ya yanke shawarar raba garken: wasu a kai kasuwa, sauran babban ɗansa ya gangara da su kudu. Ya san da yawa ba zai sake ganin su ba. So yake a ɗauke masa su a faifai kafin su tafi.

Ranar da na je, ya tsaya a tsakiyarsu da sandarsa yana kiran su ɗaya bayan ɗaya. Ashe kowace saniya da sunanta, kuma sunan daga launinta yake. Ya kira Wule, mai farar fuska ta ɗago kai. Ya kira Ɓale, baƙar ta matso. Kowacce sai ya faɗi uwarta da kakarta. A ƙarshe ya kira Saige, wata tsohuwa mai ɗigo-ɗigo a goshi, wadda ya ce jikar saniyar da mahaifinsa ya ba shi ce. Ya daɗe yana shafa wuyanta.

Da na koma shago na zuba hoton a kwamfuta, sai raina ya ɓaci. Ƙasa fara fat, sama fari fat, shanu duk haƙarƙari a waje. Na ce a raina, wannan ba aikin da Darakta zai kai gidan surukai ba ne. Dole a gyara.

Na fara da launi. Na ja kore har ƙarshe don ƙasar ta yi kamar damina, na ƙara ja don shanun su yi sheƙi. Sannan wata dabara ta faɗo min, wadda har yau idan na tuna sai na rufe fuska. Kyamarata hoto mai kusan murabba'i take ɗauka, sai na ja shi ta gefe da gefe ya zama mai faɗi irin na manyan finafinai. Nan take shanun suka cika suka batse. Na yi tafi ni kaɗai a shago. Muryar Baffa kuma na ga iska ta yi mata yawa, na cire ta na sa kiɗa. Na ƙara furanni masu faɗowa daga sama, da sunana yana juyawa a farko. Kowane gyara sai na adana, na sake buɗewa, na sake adanawa, ban san duk adanawa ɗaya hoton na ƙara lalacewa ba. Da abin ya fi ƙarfin faifai guda, maimakon in raba shi biyu, sai na matse shi ya shiga dole. Kuma ban kunna shi a talabijin na gani ba, saboda gwani ba ya duba aikinsa.

Kafin in gama, garken ya riga ya watse. Na ɗauki talabijin da ƙaramin janareto a kan babur na nufi ruga bayan la'asar, sanye da sabuwar shadda. Baffa ya tara maƙwabta, an shimfiɗa tabarmi, mata sun tsaya daga bayan zana, Dije a cikinsu. Na danna faifai na koma gefe na harɗe hannu.

Sunana ya gama juyawa, furanni suka zubo, sai ga wasu halittu. Gajeru, masu faɗi kamar dorina, suna tafiya a kan ƙasa koriya shar. Farare sun koma ruwan hoda, jajaye sun koma kalar manja, baƙaƙen ma wani shuɗi suke yi. Da saniya ta motsa kai sai fuskarta ta farfashe ta zama ƙananan akwatuna. Can sai ga Baffa da kansa ya shigo hoton, gajere, da tumbi, bakinsa na motsi kiɗa na fita.

Baffa ya matsa kusa da talabijin ya ƙura ido, sannan ya juyo gare ni a hankali.

"Yaro, shanun wa na waɗanga?"

Na ce nasa ne, gyara kawai na yi musu. Wani maƙwabcinsa, Malam Ila, ya ce ashe haka Jaɓɓi ya ɓoye kiwo da tumbi yana ta kukan fari, kuma a faɗa masa inda wannan ciyawar take shi ma ya kai nasa. Dariya ta ɓarke har bayan zana. Na gane muryar Dije a ciki (ta musanta har yau).

Da dariyar ce kawai da na jure. Amma Baffa bai yi dariya ba. Ya sa yatsa a kan gilashin yana bin shanun ɗaya-ɗaya.

"Ba ni ganin Saige," ya ce. "Wacce ta cikinsu?"

Na duba, ni ma ban gane ta ba. Ɗigon goshinta ya narke cikin akwatunan. A nan kunyar ta koma wani abu mai nauyi. Mutumin nan ya rabu da dabbobinsa yana ganin ya ajiye su a wurina, ni kuma na mayar masa da na wani. Na ji tausayinsa, na ji haushin kaina.

Sai na tuna kaset ɗin asali. Al'adarmu ce idan an zuba aiki a faifai, a sake ɗaukar wani biki a kan kaset ɗin. Na riga na ba abokin aikina Sani shi, zai ɗauki kamun amarya a garin Isa a wannan yammacin. Na bar talabijin da janareto a nan, na hau babur da sabuwar shaddata. Na sami Sani a tsakiyar mata yana ɗauka, na fizge kyamarar kamar ɓarawo, wata gwaggon amarya ta bi ni da zagi har bakin titi.

Farkon kaset ɗin ya tafi. Inda Wule da Ɓale suke, yanzu ƙawayen amarya ne ke rawa. Wannan asarar tawa ce, kuma na faɗa wa Baffa ita da bakina. Amma sauran yana nan. Na zuba shi sau ɗaya tak, ban taɓa launi ba, ban ja ba, ban matse ba. Na raba shi faifai biyu masu kyau, na bar muryar da iskarta, na kunna a talabijin ɗin maƙwabci na kalla har ƙarshe kafin in fita.

Wannan karon babu taro, daga ni sai shi. Farar ƙasa ta fito, shanu ramammu suka fito, muryarsa na kiran sunaye, shi kuma yana maimaitawa a hankali. Da aka zo ƙarshe tsohuwar ta ɗago kai, ana iya ƙirga haƙarƙarinta.

"Wagga ita ta," ya ce. Ya sa na mayar baya, ya sake kallo. Saige ba ta dawo daga kudu ba, kuma faifan na nan a cikin akwatinsa, naɗe a ƙyalle.

Ya ba ni Dije bayan damina ta gaba, da sharaɗin cewa wani ne zai ɗauki bikin. Ita ma ta goyi bayansa, ta ce ba ta shirya zama dorina a gaban dangi ba.

Tun daga nan na koyi darasina: abin da mutum ya kawo maka ka adana masa, ka mayar masa da shi yadda yake, ko da ramamme ne, kuma kada ka taɓa kaset ɗin asali sai mai shi ya ce ya gane kayansa. Na goge "Darakta" daga ƙofa. Sai dai sunan da ya maye gurbinsa, wato mai sa shanu ƙiba, ba ya goguwa. Har yau idan rani ya yi tsanani a Kurawa wani ya yi kukan shanunsa sun rame, Baffa kan nuna ni da sanda, fuskarsa babu alamar wasa, ya ce a kai su wurin surukinsa, shi ba ya buƙatar ciyawa.