Hannun Surukina a Kan Matakala

Abubuwan kunya da na tafka suna da yawa, amma wanda ba zan taɓa mantawa da shi ba shi ne na ranar da na kai surukina gidan tarihi. Har yau in na tuna sai in ji fuskata ta ɗau zafi.

Baba (haka nake kiran mahaifin matata, sunansa bai taɓa fita daga bakina ba) tsohon ɗan kasuwa ne a unguwar Bololo. Kakanninsu sun zauna a garin nan tun zamanin mulkin Faransa. Wani ya gaya masa cewa a saman benen gidan tarihi an rataye tsofaffin hotunan kasuwa, kuma a ɗaya daga ciki akwai mahaifinsa. Idon Baba ya fara dushewa, yana so ya ga fuskar nan kafin ganin ya tafi gaba ɗaya. 'Ya'yansa maza duk suna kan hanya da kaya, sai matata ta ce ni zan kai shi.

Ni kuwa a wajen kunyar suruki ba a bar ni a baya ba. Ba na cin abinci a gabansa, ba na haɗa ido da shi, in ya kira ni takalmi nake cirewa in durƙusa. Har alfahari nake da hakan a unguwarmu ta Goudji.

Da muka isa na shiga layin tikiti. Matar da ke sayarwa ta leƙa ta ga Baba da sandarsa, ta tambaye ni da Faransanci ko zai iya hawan bene. Na ce zai iya mana. Ban tambaye shi ba. Ta yaya zan dubi surukina in ce, "Yaya gwiwoyinka?"

Muka fara hawa, yana gaba ina baya, na bar tazara irin ta ladabi. Mutane suka taru a bayanmu, ba mai iya wucewa. Muna tsakiyar matakalar Baba ya tsaya. Ina jin numfashinsa, ina ganin sandar tana rawa. Sai ya juyo a hankali ya miƙo mini hannu.

Jama'a, kun san abin da na yi? Na zare takalmana, na durƙusa a kan matakala, na sunkuyar da kai na ce, "Na'am, Baba."

Jikina ne ya yi abin da ya saba, hankalina bai ko iso wurin ba. Tsoho yana layi zai faɗi, hannunsa a miƙe, ni kuma ina ƙasa ina zuba tarbiyya. Takalmina ɗaya ya gangara yana tsalle har ƙasa (wani mai kirki ya ajiye mini shi a bakin ƙofa). Wata mata mai lafaya ta ture ni ta tallafe Baba, ta daka mini tsawa da Larabci: "Kai, wane irin ɗa ne kai? Ubanka zai faɗi kana gaisuwa!"

Ba wanda ya yi dariya. Da an yi, da abin ya zo mini da sauƙi.

Baba ya huta, sannan ya ce a hankali, "Tashi. Na ba ka 'yata sukutum, hannu guda ne za ka hana ni?"

Na kama hannun. Ban taɓa sanin ya rame haka ba, kamar na riƙe busasshen kara. Muka ƙarasa sama, ƙafata ɗaya da takalmi ɗaya babu. Ya kai fuskarsa dab da hoton, ya daɗe yana dubawa, sai ya ɗora yatsa kusa da wani dogon mutum mai rawani a gaban tulin fatu.

"Shi ne," in ji shi. "Haka yake tsayuwa."

Hawaye ya zubo masa, ni ma na kasa riƙe nawa. Bai saki hannuna ba har muka sauko muka shiga mota. Kafin azumi ya zagayo idon ya rufe, bai kuma daɗe ba Allah Ya karɓi abinsa.

Ban daina jin kunyar manya ba, kuma ba na fatan in daina. Sai dai yanzu in tsoho ya miƙo hannu, kamawa nake fara yi, in mun sami wurin zama sai a yi gaisuwar.