Yadda Ake Kamo Zuciyar Suruki ta Ramin Ƙanƙara

Kai ɗan birni da ka biyo 'yar masunta har nan yankinmu na Savo, ka tarar ubanta yana kallonka kamar takalmin da aka bari a bakin ƙofa, kwantar da hankalinka. Ni Reijo a kan ƙanƙarar tafkin nan na yi furfura ina kamun kifi, kuma na yi maka alkawari: bi matakan nan, tsoho zai kira ka sauna. Ka dai san mu mutanen Finland, duk wanda muka kira ɗakin wankan tururi ya zama ɗan gida.

Shaidata Lauri ne, ɗan Helsinki mai neman Hilla, 'yar maƙwabcina Tauno. Da kunnena na ji ta ce masa, "Ba na sa rana sai Babana ya kira ka sauna. Ka ji dai na gaya maka."

1. Sayi kaya, ka tsufar da su

Nemi ƙarfen huda ƙanƙara, da 'yar sandar fatsa wadda ba ta wuce kamu ɗaya ba, da ludayi mai huji-huji na kwashe ƙanƙarar da ke sake rufe rami. Sai bokiti, shi ne kujerarka, shi ne rumbunka. Amma kada su yi ƙyalli. Lauri ya zo da nasa ko takardar kanti bai cire ba, Tauno ya duba ya ce, "Hm." Wannan "hm" ɗin ya fi mari ciwo. Goga wa kayanka toka, ka bar su a waje su sha sanyi.

2. Rataya tsinkuna a wuya

Tsinkunan ƙarfe biyu ne masu mariƙi. In ƙanƙara ta burma da kai, su za ka kafa ka jawo kanka. Kada ka adana su a gindin jaka don gudun ɓata. Iyayen yarinya sun fi son jiƙaƙƙen ango a kan marigayi.

3. Yi wa tsutsa masauki

Kotonka tsutsa ce, in ta daskare kuma kifi ko kallonta ba ya yi. Sa gwangwaninta a aljihun ciki, kusa da ƙirjinka. Ka rufe murfin da kyau. Lauri bai rufe ba, muka hango shi daga nesa yana wata rawa da ba ta ƙasar nan ba.

4. Ja da baya, ka yi shiru

A birni zama kusa da babba ladabi ne. A nan huda rami kusa da na mutum sata ce da rana tsaka. Matsa can, inda zai gan ka amma ba zai ji numfashinka ba. Hira kuwa, kada ka yi zari. Lauri ya taɓa cewa, "Tauno, yau sanyi da sauƙi, ko?" Sai da tsohon ya sha kofi, ya rufe fulas, sannan ya ce, "Da sauƙi." Da ya koma gida ya ce wa matarsa yaron nan surutu gare shi.

5. Haddace amsa guda

Kowane tsoho yana da wurinsa na asiri. Tauno ya gaji nasa daga mahaifinsa, ni kuma tun muna samari nake farautar wurin, har ƙyashin abin ya zame mini ciwo. Dalilin ɓoyon a fili yake: ka ɗaga kifi sama ka yi ihu, kafin ka sauke hannu jama'a sun kewaye ka sun mai da wurin rariya. Saboda haka duk wanda ya ce maka, "Suna ci?" amsa ɗaya ce: "Ko ɗaya." Ko da wutsiya tana leƙowa daga bokitinka.

6. Ci jarrabawa

Wata safiya Tauno ya ja Lauri bayan wani tsibiri. Na bi sawunsu, ba zan ɓoye ba, sana'ata ce. Ina ɓullowa Lauri yana zaro wani jibgegen ahven, kifin nan mai ƙaya a gadon baya. Bokiti yana nesa, ni ina tafe. Sai yaron ya zuge rigar sanyinsa ya cusa kifin a ƙirji.

Na ƙaraso na ce, "Ɗan birni, suna ci?"

Ya ce, "Ko ɗaya."

"Kai, haba! To me ke harbawa a rigarka?"

"Zuciya ce, Reijo. Soyayya."

Na zauna a bokitina na ɗauko labarin ciwon gwiwata tun daga tushe. Ƙaya tana sukarsa, hawaye yana daskarewa a kumatunsa, amma bai fito da kifin ba. Tauno ya kafa wa raminsa ido, yana gudun kada asirin wurinsa ya tonu. Ban taɓa ganin tsoro a jikin mutumin nan ba sai ran nan. Wallahi sai tausayi ya kama ni. Na miƙe na ce, "Wurin banza kuka zaɓa," na ja kayana.

Murya tana tafiya nesa a kan ƙanƙara. Ina juya baya na ji Tauno ya ce wa Lauri, "Ba laifi." Ya ɗan nisa, ya ƙara, "Faso itace da yamma. Za a hura sauna." Ni da na yi maƙwabtaka da shi duk rayuwata, ko ranar da na fito da shi daga ruwa "hm" na samu.

Ba ruwana

In ƙaya ta yi maka zane a ƙirji, ko amarya ta ce kana ƙarni, ko tsutsa ta tare a singiletinka, kada ka zo ƙofata, shawara kawai na bayar. Masu tare ni kuma tun ranar bikin Hilla, wai in faɗi abin da na gani a bayan tsibirin nan, ku hutar da kanku. Na je, na duba. Ba sa ci. Ko ɗaya.